Takardar bayanin kaya: aikin da kowa ke gudu

Daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, duk ɗan kasuwar da ya buɗe kwalin injin wuta ko injin ban ruwa zai tarar da ƴar takarda a ciki. Galibi da Ingilishi take, wani lokaci da rubutun ƙasar Sin. Kaɗan ne ke karanta ta, kuma ko mai ilimin boko ba kullum yake gane ta ba.

Matsalar daga masana'anta take farawa. Injiniyan da ya ƙera na'ura ya fi son ƙira da rubutu, domin a ƙira ake samun suna da ƙarin girma. Takardar bayani kuwa ba ta ɗauke da sunan kowa. Sai an gama komi, kaya na jiran jirgin ruwa, sannan a ba wani ya rubuta ta cikin gaggawa. Wanda ya san injin ciki da waje yakan tsallake abin da yake ganin kowa ya sani, alhali nan ne sabon hannu ke tuntuɓe. Don rage kuɗi, akan buga takarda guda ga injuna iri-iri, a miƙa fassara ga wanda bai taɓa ganin injin ba.

Mai saye ne ke biyan wannan sakaci. Akwai ƙaramin injin wuta da ba ya da wurin zuba baƙin mai dabam: dole a gauraya shi cikin fetur bisa awo. In ba a yi ba, injin ya ƙone, kuɗi sun tafi. Abin da ya fi muni, hayaƙinsa na ɗauke da iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutanen da suka kwana da shi cikin ɗaki. Sau da yawa wannan gargaɗi yana can cikin ƙananan baƙaƙe.

Akwai magani. A Faransa, dokar Toubon ta 1994 ta wajabta rubuta bayanin kayan sayarwa da Faransanci. A Nijar, tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Babban ɗan kasuwar da ke odar kwantena yana da bakin da zai sa masana'anta ta haɗo masa shafi guda da Hausa, da zane-zane ga waɗanda ba su karatu. Ma'aikatan da ke sayen kaya da sunan gwamnati su ma suna iya sanya wannan sharaɗi cikin kwangila. Kuɗin buga shafin bai kai na gyaran inji guda ba.