Ɗalibin Lauya da Kafintan Anloga

Tun da Babban Lauyan Gwamnatin Ghana, Dominic Ayine, ya bayyana a 2025 cewa ana son jami'o'i su riƙa horar da ɗalibai aikin lauya a aikace, sannan kowa ya zauna jarrabawa ɗaya ta ƙasa, duk gardamar a kan kujera ake yin ta: wa zai shiga, wa za a bari a bakin ƙofa. Wanda ya tuna ɗalibai 499 da aka kai ruwa rana da su a 2021 kafin Makarantar Lauyoyi ta ɗauke su ba zai yi mamaki ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda ɗalibin zai koyi aikin, da matsalar wa zai koya a kanta.

A Kumasi, daga mahaɗar Anloga zuwa jami'ar KNUST, inda ake karantar da shari'a, tafiyar motar trotro ce 'yar gajera. A wannan tsakanin akwai kafintoci, har da waɗanda ba su bi 'yan uwansu zuwa Sokoban ba lokacin da aka tashi kasuwar katako, ga teloli, ga masu walda, ga mata masu abinci. Mafi yawansu ba kotu suke buƙata ba. Takarda ce ke kayar da su.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta rajista. Mutum ya karɓo shaidar sunan kasuwanci, ya sa mata gilashi, ya rataya a shago, ya ce ai yanzu ya zama kamfani. Bai zama ba. Rajistar suna, a ƙarƙashin dokar 1962, ba ta raba ka da sana'arka. Kamar laƙabi ne: ko Alhaji aka kira ka ko sunanka na yanka, mai bin bashi ƙofar gidanka zai tsaya. In shago ya karye, babur ɗinka da filinka suna cikin lissafi. Kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda dokar kamfanoni ta 2019 ta tsara, shi ne yake tsayawa da ƙafarsa, bashinsa nasa ne, sai fa in ka sa hannu ka tsaya masa a banki. Shi ma da nasa nauyin: daraktoci aƙalla biyu, sakatare, da rahoton kowace shekara ga ofishin rajistar kamfanoni. Wani kafintan sunan kawai ya ishe shi, muddin ya san abin da ya rataya kuma yana sabunta shi duk shekara.

Haka zancen haya. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba na fiye da wata shida, amma kowa a Kumasi ya san shekara biyu ake nema, wani lokacin ko rasit babu. Ga kuma abokai biyu da suka haɗa jari suka sayi injin yankan katako da "mun yarda da juna", sai ɗaya ya rasu magada suka zo.

Duk wannan ɗalibin da ya yi nisa a karatu zai iya bayyana shi da Hausa ko Twi ko Ewe, ya cika fom, ya tsara daftarin yarjejeniya. Amma ba lauya ba ne, kuma dokar aikin lauya ta 1960 ta hana wanda ba a rantsar ba ya yi aikin lauya ko ya rubuta takardun shari'a don a biya shi. Dole lauya mai lasisi ya duba, ya ɗauki alhakin abin da ya fita. A Najeriya, ƙungiyar NULAI ta fara yaɗa irin wannan horo a jami'o'i tun 2003, ko da yake ƙarfinsa ya fi karkata ga fursunoni masu jiran shari'a.

Lauyan mai dubawa kuwa albashi yake so, kuma ban ji masu jawabin gyara suna faɗin aljihun da zai fito ba. In aka bar shi a hannun sa kai, ɗalibai za su zo Anloga rana ɗaya da rigunan taro, su ɗauki hoto, su koma kafin mai shago ya gama nemo takardar hayarsa.