Windows 10 ta yi ritaya, amma ba ita ke kwantar da kwamfutocin Katsina ba

Tun kafin ranar 14 ga Oktoba, 2025, magana ta yi ta yawo a zaurukan WhatsApp da shagunan buga takardu na birnin Katsina cewa duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 kwananta ya ƙare. Wasu har cewa suke yi kamfanin Microsoft zai kulle ta daga can Amurka, kamar yadda aka riƙa toshe layukan wayar da ba a haɗa da lambar NIN ba. Ranar ta zo ta wuce. Daga shagunan Ƙofar Ƙaura zuwa na kewayen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, kwamfutoci suka kunnu kamar kullum, ɗalibai suka ci gaba da buga takardunsu. Sai zancen ya juya. Waɗanda suka tsorata jiya suka koma cewa ashe dabarar 'yan kasuwa ce kawai don a sayi sabuwa. Na farko sun yi kuskure, na biyun kuma kuskurensu ya fi haɗari.

Abin da ya tsaya a wannan rana shi ne faci. Tun da Windows 10 ta fito a watan Yulin 2015, kusan kowace Talata ta biyu a wata Microsoft kan aiko da gyaran kafofin da aka gano a jikin manhajar, waɗanda ɓarayin intanet kan bi su shiga. Bayan shekara goma kamfanin ya ce ya daina wannan aiki kyauta ga kowa da kowa.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a cikin gari ya san ma'anar hakan. Shekarar da aka fasa yin yaɓe kafin damina, soron ba ya rushewa a ruwan farko. Tsaga ce ke fara buɗewa, ruwa ya samu hanya, baɗi ta ƙara faɗi, wata rana azara ta sauko. Haka ganuwar Katsina ta yi: babu wanda zai nuna ranar da ta faɗi, daina gyaranta aka yi, ruwa da masu ɗibar ƙasa suka cinye ta a hankali. Ko a ɗauki direban da ke bin hanyar Jibiya da tsohuwar taya bayan mai faci ya tashi daga hanyar. Motar tana tafiya lafiya lau har ranar da za ta taka ƙusa. Kwamfutar da aka daina yi wa faci ma haka take. Tana buga takarda, tana shiga intanet, amma kowace sabuwar kafa da aka gano a jikinta a buɗe za ta zauna.

An ga irin wannan a fili. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta ce sai an biya kuɗin fansa. Asibitocin gwamnatin Birtaniya sun soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaicin shi ne Microsoft ta fitar da facin kafar da manhajar ta bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka shi ba, da masu riƙe da tsohuwar Windows da aka daina kula da ita.

To me mai kwamfuta zai yi? Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: ram na gigabait 4, wurin ajiya na gigabait 64, furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko takwararta ta AMD, da kuma wani ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. A nan gizo ke saƙar, domin yawancin kwamfutocin da ke hannun Katsinawa 'yan Kwatano ne, HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora, suka biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko Titin Beirut na Kano. Da yawansu zubi na huɗu ne ko na shida, sharuɗɗan ba su hau kansu ba. Amma akwai waɗanda suka cika sharaɗi, makullin TPM ɗin ne kawai ke kashe a cikin BIOS, wani lokaci da sunan PTT a injin Intel ko fTPM a na AMD. Minti biyar ya isa a kunna shi, kuma manhajar PC Health Check ta Microsoft tana faɗin ainihin abin da ya hana. Bai kamata a rabu da inji mai lafiya a kan araha ba tare da an duba wannan ba. Wanda injinsa bai kai ba, Microsoft ta buɗe masa shirin ƙarin wa'adin faci, wanda ta ce zai kai 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko ma kyauta idan ya haɗa injin da asusun Microsoft ya yarda a ajiye saitinsa a can. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da shiga intanet ba, Linux Mint ko Ubuntu za su ɗauke shi ba ko sisi, kuma suna tafiya sumul a tsohon inji. Ɗora Windows 11 da ƙarfin tsiya a injin da bai cancanta ba yana yiwuwa, masu gyara da yawa suna yi, sai dai Microsoft ta ce ba ta yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan inji faci ba. Ya kamata a faɗa wa mai kaya haka kafin a karɓi kuɗinsa.

Duk da haka, idan aka zauna a teburin mai gyara na yini guda, za a ga ritayar Windows 10 ba ta cikin abin da ke kawo mutane. Abin da ake ji shi ne, "Injiniya, ta yi nauyi," ko "Injiniya, kashe kanta take yi." Amsar da ta zama ruwan dare kuwa ita ce, "Alhaji, sai dai a yi mata fomat." Wannan kalma ta cinye kundin digirin ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Al-Qalam, ta cinye hotunan biki da lissafin shago, sannan bayan sati biyu cutar ta dawo yadda take.

Dalilin dawowarta a bayyane yake. Fomat share manhaja ne a sake zuba sabuwa, ba ya taɓa jikin injin ko kaɗan. Idan ciwon a ƙarfe yake, yin fomat daidai yake da sake fentin motar da lagiretonta ke yoyo, ko sauya shimfiɗar ɗakin da rufinsa ke zuba. Tamkar a yi wa mai ciwon haƙori aski ne: ya fito tsaf, ciwonsa na nan. Likitan kirki yakan tambayi yaushe abin ya fara, da me aka ci, kafin ya rubuta magani. Mai gyaran kirki ma tambaya yake fara yi: yaushe take kashe kanta, tana kunnuwa ko bayan ta ɗauki lokaci tana aiki? Me aka saka mata kwanan nan? Wace ƙara take yi?

Kwamfutar da ke mutuwa bayan rabin awa, musamman a bazara lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kusan kullum zafi ne ya dame ta. Ƙurar hunturu tana shiga ta kafofin iska, ta dunƙule a fanka da ƙarfen sanyaya kamar auduga. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da wannan ƙarfe shi ma yakan bushe da shekaru. Idan zafin furosesa ya doshi digiri 100, takan rage gudu da kanta, shi ne nauyin da ake kuka da shi. Idan abin ya ƙi, ta yanke wuta don kada ta ƙone. Maganin shi ne a buɗe, a hure ƙurar, a sake man. Mai laftof kuma ya daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Wadda aka kunna fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, tana ƙara ɗiɗ-ɗiɗ, magana take yi. Kowane kamfani yana da ma'anar adadin ƙarar, kuma sau da yawa ram ne ya motsa daga mazauninsa ko ƙura ta hau haƙoransa. A cire wuta, a zare shi, a goge haƙoran a hankali da magogin fensir, a mayar har ya yi ƙas. Injin da aka yanke wa ƙauna sai ya tashi.

Akwai kuma wadda ke rikita mutane fiye da kowacce. Intanet na nan, data na nan, amma kowane shafi aka buɗe sai ya ce haɗin ba shi da tsaro. A dubi agogon da ke kusurwar allo: za a tarar kwanan wata ya koma shekarun baya. A jikin babban allon ciki akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3, shi ke riƙe agogo idan an kashe inji. Idan ya mutu, kwamfuta takan manta ranar da take, sai ta ƙi amincewa da takardar shaidar shafukan intanet, domin a lissafinta lokacin aikin takardar bai zo ba. Batirin da ake samu a wurin mai gyaran agogo shi ne maganin abin da ake yi wa fomat.

Wuta kuwa ita ce uwa uba. Injinan an yi su ne don bolt 230 mai zaman lafiya, ba don wutar da za a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi ba, ko ta ƙaramin janareto mai hawa da sauka. Duk lokacin da aka ɗauke wuta kwamfutar tebur na tsakiyar rubutu a faifan ajiya, akwai yiwuwar fayil ya lalace, har na Windows ɗin kanta. Shagon da ke da kwamfuta biyar ba na'urar riƙe wuta ta UPS ko ɗaya, kuɗin UPS ɗin yake biya a wurin mai gyara kaɗan-kaɗan. Tsohon faifai mai juyawa, idan ya fara ƙara ƙyas-ƙyas, ban kwana yake yi. A kwashe kaya a ranar, a sauya shi da SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa kuma ya ninka shi sauri.

Ko a ɓangaren manhaja ma fomat shi ne matakin ƙarshe. Mutane da yawa ba su san cewa tun daga Windows 8, danna Shut down ba ya wanke ƙwaƙwalwar injin gaba ɗaya. Yana adana wani sashe ne don ta yi saurin tashi gobe, har da matsalar jiya. Restart ne ke farawa daga tushe. Danna Ctrl da Shift da Esc tare yana nuna manhajar da ke cinye ƙarfin inji. Bairos ɗin nan da ke bin filash daga shago zuwa shago, ya mayar da fayiloli 'yan gajerun alamomi, yawanci ɓoye su yake yi, suna nan ana iya fito da su. Shuɗin allon da ke fitowa idan Windows ta ci tura ma yana rubuta sunan laifin a ƙasa, a ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Maganin da aka yi shi ne shiga Safe Mode a goge fayil guda ɗaya.

Idan fomat ɗin ya zama dole, sai a lura da abin da ake zubawa. Windows ta sata da manhajojin da ake kunna ta da su hanya ce sananniya ta shigar bairos, kuma wasu masu gyara kan kashe sabuntawa gaba ɗaya don kada a ci data. Mai irin wannan inji ya daɗe da rasa faci tun kafin Microsoft ta daina aikowa.

Abin ya wuce asarar mutum ɗaya. A kwamfutar shagon buga takardu ake shigar da lambar NIN da BVN, da sakamakon jarrabawa, da takardun neman aiki na mutanen unguwa guda. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje, don haka makomar yaro tana iya rataya a kan fankar da ba a hure ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Amma a ma'aikatu da makarantu da yawa, bikin raba kwamfutoci ake gani, ba a cika ganin kasafin kula da su ba. Sai a tarar da ɗaki cike da injina an lulluɓe da zane, an ce sun lalace, alhali da za a buɗe su, da yawa batir ne da ƙura. Ƙidaya mai sauƙi za ta wadatar a matakin farko: injina nawa ke kan Windows 10, nawa za su iya hawa 11, nawa ke riƙe da bayanan jama'a kuma suna haɗe da intanet. Ƙarin wa'adin da aka ba masu kwamfutar gida an tsayar da ƙarshensa ne a ranar 13 ga Oktoba, 2026, makonni kaɗan kafin ƙurar wani hunturun ta sauko.