Shirin Musamman: Alkawarin 'Yan Takara da Aljihun Mutumin Suleja

Shirinmu na musamman yana zuwa muku daga nan Suleja, gindin Dutsen Zuma.

Duk wanda ya san garin nan ya san cewa da an idar da sallar asuba, hanyar Madalla zuwa Zuba take cika maƙil. Ma'aikata da magina da 'yan kasuwa suna kwana a Suleja, suna wuni a Abuja. Shi ya sa idan litar mai ta motsa, mu ne muke fara ji a jikinmu, daga kuɗin mota har zuwa mudun shinkafa a Kasuwar IBB. Yau za mu waiwayi zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, 2023, mu ga yadda aka tafka muhawara kan tattalin arziki, da darasin da ta bar mana.

A wancan zaɓen, manyan 'yan takara huɗu ne, kuma kowanne ya taɓa riƙe mulki. Bola Ahmed Tinubu na APC ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007. Magoya bayansa suka ce ya bunƙasa kuɗin shigar jihar. Masu suka suka ce ai Legas dama cibiyar kasuwanci ce mai tashar jiragen ruwa. Atiku Abubakar na PDP ya yi mataimakin shugaban ƙasa a waɗannan shekarun, shi ne kuma ya jagoranci majalisar sayar da kamfanonin gwamnati. Magoya bayansa suka tuna wa jama'a zuwan wayar salula a 2001, da yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18 a 2005. 'Yan adawa suka tambayi ina masana'antun da aka sayar suka kwana.

Peter Obi na jam'iyyar Labour, gwamnan Anambra daga 2006 zuwa 2014, ya yi tutiya da tsimi da tanadi, ya ce dole ƙasa ta koma samar da kaya maimakon dogaro da na waje. Wasu suka yi jayayya kan yawan kuɗin da ya ce ya bari a baitulmali. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP, wanda ya mulki Kano sau biyu, ya nuna gadojin sama da ɗaliban da ya tura karatu ƙasashen waje. Masu suka suka kawo maganar bashin da aka gada.

To amma masu sauraro, ga inda gizo ke saƙar. Tinubu da Atiku da Obi, dukkansu sun faɗa ƙarara cewa za su cire tallafin man fetur. Ba su ɓoye ba. Sai dai a majalisun unguwa da teburan masu shayi, hankalinmu ya fi karkata ga addini da ƙabila da yanki. Ga kuma wahalar canjin kuɗi, lokacin da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, mutane suna wuni a layin banki. Kaɗan ne cikinmu suka tambaya: a yaushe za a cire, ta wace hanya, kuma me aka tanadar wa talaka kafin ranar?

Amsar ta zo ranar 29 ga Mayu, 2023, inda sabon shugaban ƙasa, Tinubu, ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabinsa na rantsuwa. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a Abuja da kewaye. A watan Yuni aka bar kasuwa ta yanke darajar naira, kuma a farkon 2024 dala ta wuce naira 1,500. Hauhawar farashi da ke kusa da kashi 22 cikin 100 lokacin zaɓe ta zarce kashi 34 a 2024. Gwamnati ta ce tallafin yana cinye dukiyar ƙasa, ta ce yanzu jihohi suna samun kaso mai tsoka, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Ma'aikacin da ke hawa mota kullum zuwa Abuja shi ma yana da nasa lissafin.

Jama'ar Suleja, zaɓen 2027 na tafe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi abin da ya yi sa'ad da ya samu dama. A tambaye shi inda zai samo kuɗin cika alkawarinsa, da wanda zai ɗauki nauyin wahalar manufarsa. A saurari amsar da kunnen basira, a auna ta da kuɗin mota da na cefane, sannan a dangwala.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya kuma ba mu ikon tantance su.