Masu Jin Ɗumi a Cikin Atam

Idan hunturu ya kankama, akan hura wuta a ƙofar gida, jama'a su kewaye ta layi-layi. Babu wanda zai zauna nesa alhali ga wuri kusa da garwashi. Haka ilektiron yake da cibiyar atam: firoton da ke cikinta suna janyo shi, sai ya nemi mazauni mafi kusa. Layin farko ƙunci gare shi, biyu kacal yake ɗauka. Na biyu takwas. Na uku har 18. Niels Bohr ne ya kawo tushen wannan tsari a 1913, kuma har yau da shi mai shirin WAEC ko NECO yake farawa.

Ɗauki sodiyam, mai ilektiron 11: 2, 8, 1. Wannan tilon na layi na uku shi ne wanda ya makara. Goma sun tare masa wuta, ɗumin da ke riskarsa kaɗan ne, kira ɗaya za a yi masa ya tashi. Cire shi yana cin kilojul 496 a kowane mol, amma cire na biyu, wanda ya zauna daram a cikakken layi, ya haura 4,500. Shi ya sa ake samun Na⁺ a ko'ina, ba a ganin Na²⁺. Kulorin kuwa 2, 8, 7 ne, gurbi ɗaya ya rage masa. Da ya karɓi wancan baƙo sai ya zama Cl⁻, 2, 8, 8, irin zaman iskar agon. Gishirin miya ke nan.

Inda ɗalibai ke yawan zubar da maki shi ne su taɓa wutar. Zama ayon, irin Na⁺ ko Cl⁻, ba ya sauya yawan firoton. Mazauna ne kawai suke ƙaruwa ko raguwa. O²⁻ da Na⁺ da Mg²⁺ duk goma-goma suke da su, amma firoton ɗinsu 8 ne da 11 da 12. Wutar maginiziyam ta fi ci, mutanenta sun fi matsowa, don haka ayon ɗinsa ya fi ƙanƙanta a cikin ukun.

Daga fotasiyam lissafin yake ɗan karkacewa. Layi na uku bai cika ba, amma ilektiron na 19 ya tafi na huɗu: 2, 8, 8, 1, domin a nan gurbin 4s na layi na huɗu ya fi 3d na layi na uku sauƙin shiga. Masu tsara tambaya suna son wannan wuri ƙwarai, musamman a kan ƙarfe (Fe) mai lamba 26, wanda ya ƙare da 3d⁶ 4s². Hannu yakan yi saurin cirewa daga 3d tunda shi aka cika daga baya. Kuskure ne: na layin waje ke fara tashi. Fe²⁺ yana ƙarewa da 3d⁶, babu 4s ko ɗaya, Fe³⁺ kuma da 3d⁵.