Aikin sa-kai: Yadda za ka rubuta ayyukan da ka yi a baya don a ɗauke ka

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ambaliya ta mamaye Maiduguri, matasan unguwanni na cikin waɗanda suka fara fito da tsofaffi da yara daga gidaje. Amma da za a miƙa wa da yawa daga cikinsu fom ɗin neman aikin sa-kai a wata ƙungiya, a gurbin da aka tambayi aikin da suka taɓa yi, "babu" za su rubuta.

Wannan "babu" ɗin ce ke kayar da mutane. Mai tantance masu nema bai san ka ba, takardarka kaɗai ke gabansa. Abin da ba ka rubuta ba, a wurinsa ba ka yi shi ba.

Me ake ƙirgawa?

Ba sai aikin da aka yi da ƙungiyar Turawa ba. Ɗan agajin Izala ko na Jama'atu Nasril Islam da ke tsara jama'a a filin Idi ya iya kula da cunkoso. Matar da ta bi gida-gida tana shawo kan iyaye su bari a ɗiga wa 'ya'yansu rigakafin shan-inna ta iya lallashi, kuma irin aikinta na cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da cutar a watan Agustan 2020. Haka malamin Islamiyya da ba a biyansa, da mai gayyar yashe magudanan ruwa kafin damina, da ɗan bautar ƙasa da ya yi aikin raya al'umma.

Yadda ake rubutawa

Kowane aiki a ba shi layi biyu ko uku da ke amsa tambayoyi huɗu: a ina, yaushe, me ka yi da hannunka, me ya fito daga ciki. "Ina son taimakon al'umma" ba ta gaya wa kowa komai, domin kowa haka yake rubutawa. Amma idan ka ce ka riƙe rajistar rabon abincin azumi a masallacin unguwarku shekara uku a jere, ka kuma faɗi yawan gidajen da ke karɓa, an ga mai riƙe amana da iya lissafi.

Harshe ma ƙwarewa ce. Wanda ke jin Kanuri ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa ban da Hausa da Turanci ya rubuta su, domin a sansanin 'yan gudun hijira tafinta ba ya rasa aiki. Haka tuƙa babur, da amfani da Excel, da tattara bayanai a waya da manhaja irin su KoboToolbox.

Sannan a duba wace ƙungiya ake nema. Red Cross ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar majalisa a 1960, tana aiki ne bisa ƙa'idoji bakwai, ciki har da rashin nuna bambanci da rashin ɗaukar ɓangare. Wanda ya yi hidima a kamfen ɗin siyasa sai ya bayyana aikin da ya iya, kamar tsara taro, ya bar tallan jam'iyya. Shi kuwa shirin masu sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, mai hedikwata a birnin Bonn na Jamus, ta intanet ake cike bayanai a shafinsa, kuma kowane gurbi na zuwa da jerin abubuwan da ake buƙata. A karanta jerin, a amsa shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da za a kiyaye

Kada a yi ƙari. Wanda ya ce ya iya agajin gaggawa alhali bai taɓa samun horo ba, ranar da aka kawo mai zubar jini gabansa, ran wani ne zai biya kuɗin ƙaryar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A nemi shaida tun da wuri: wasiƙa daga shugaban ƙungiya, ko mai unguwa, ko jami'in asibitin da aka yi aiki ƙarƙashinsa. A sanar da wanda za a sa sunansa kafin a rubuta lambarsa. Kada a haɗa da hotunan marasa lafiya ko marayun da aka taimaka wa, domin ƙungiyoyi na kallon hakan a matsayin keta mutunci.

A kuma faɗi gaskiyar lokacin da ake da shi. Kwana biyu a mako da za a cika sun fi kwana bakwai na alƙawarin baki.

Daga ƙarshe, Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar mutane. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp da sunanta yana neman kuɗin fom, ɗan damfara ne.