Akwatin da ba a raɗa wa suna ba: ƙaramin ciwon kai a yaren Ruby

Idan kana cikin matasan da suka fara koyon rubuta manhaja a YouTube, wataƙila ka taɓa jin sunan Ruby. Yukihiro Matsumoto, ɗan ƙasar Japan, shi ya fito da yaren a 1995, kuma da shi aka gina Rails, wanda GitHub da Shopify ke aiki a kansa. Ba ƙaramin yare ba ne.

A Ruby akwai abin da ake kira Module. Mu ce masa akwati, domin aikinsa ke nan: ka zuba umarni da wasu akwatunan a ciki. Yawanci tun wajen ƙirƙira kake ba shi suna. Amma idan ka rubuta m = Module.new, ka samu akwati marar suna. Tambaye shi da m.name, zai ce maka nil, wato babu. Kamar jariri ne kafin ranar suna. Ranar sunansa ita ce lokacin da ka fara ajiye shi a kalma mai farawa da babban harafi, misali Gida = m. Daga nan ya zama Gida, kuma ko ka sake rubuta Shago = Gida, sunan farko na nan daram.

To, ga inda gizo ke saƙa. A ce tun akwatin bai samu suna ba ka sa wani a cikinsa, ka kira shi Daki. Mene ne cikakken sunan na cikin? A Ruby suna adireshi ne, ana farawa da na waje a gangaro ciki. Na wajen kuma ba shi da suna. Sai Ruby ta ba ka wani abu mai kama da #<Module:0x000...>::Daki. Lambobin nan wurin zaman akwatin ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma suna iya canjawa duk lokacin da ka sake kunna manhajar. Da zarar ka rubuta Gida = m, na cikin ma sai ya koma Gida::Daki. Ka ga ke nan abu ɗaya ya amsa suna biyu, ya danganta da lokacin da ka tambaye shi.

Za ka ce meye abin damuwa? Ka bari sai manhajarka ta tsaya da ƙarfe biyu na dare, saƙon kuskure ya fito da tarin lambobi maimakon suna, kana ta laluben wane akwati ne a cikin hamsin. Ko ka yi amfani da sunan a matsayin mabuɗin ajiyar bayanai, washegari ka nema ka rasa domin lambar ta canja. Marshal, hanyar da Ruby ke adana abu ta dawo da shi daga baya, ƙin karɓar marar suna yake yi gaba ɗaya, tunda da suna yake gano abin in ya zo buɗewa.

Ruby 3.3, wadda ta fito ranar 25 ga Disamba 2023, ta zo da sauƙi: set_temporary_name. Da shi za ka laƙaba wa akwatin sunan wucin gadi, kuma duk wanda ka sa a ciki bayan haka zai ɗauki laƙabin a gaban nasa. Ranar da suna na dindindin ya zo, laƙabin ya kau.

Abin da ya fi burge ni shi ne sharaɗin da suka gindaya. Ba a yarda laƙabin ya yi kama da suna na gaskiya ba. Ka gwada ba shi String ko Gida::Daki, Ruby za ta ƙi. Kai da ke fama da asusun bogi masu kwaikwayon sunan mutane a Facebook, ai ka san dalili. In an bari, wani akwati zai fito a saƙon kuskure da rigar wani, ka je ka yi ta gyaran inda ba matsala. Haka kuma wanda ya riga ya samu suna na dindindin, ba a canja masa ta wannan hanyar.

Buɗe irb a kwamfutarka ka gwada da kanka, layi huɗu ne kacal: ƙirƙiri m, sa Daki a ciki, duba sunansa, sannan ka rubuta Gida = m ka sake dubawa. Kafin ka taɓa set_temporary_name dai, rubuta ruby -v ka tabbatar taka ta kai 3.3.