Mussa Mai Gadin Rumbu: Siffarta, Halinta Da Asalinta

A ƙauyukan Boɗinga da Shagari, da zarar an kammala girbi an zuba damman gero a rumbu, sai ɓeraye su yi sallama. A nan ne ake tunawa da kyanwa, wadda Sakkwatawa ke kira mussa. Ba a sayen ta, ba a kuma yi mata ɗaki, amma tana cikin dabbobin gida da suka fi kama da kakanninsu na daji.

Masana sun tabbatar cewa kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka, mai suna Felis lybica a kimiyyance, wadda ke zaune a Afirka da Gabas ta Tsakiya. A 2007 Carlos Driscoll da abokan aikinsa sun gwada ƙwayoyin gado na kyanwoyi 979, suka gano haka. Hatsi ne ya ƙulla zumuncin: manoman farko sun tara abinci, ɓera ya biyo abinci, kyanwa ta biyo ɓera. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, aka tarar da kyanwa an binne ta kusa da mutum.

Wanda ya dubi mussa da kyau zai ga alamun wannan gado. Jikinta siriri ne, ƙafafu dogaye, launinta sau da yawa toka-toka ko ruwan ƙasa mai ratsi-ratsi, wutsiya da zobba baƙaƙe. Gajeren gashi shi ne na asali. Dogon gashi irin na kyanwar Farisa sauyi ne da ya auku daga baya a ƙwayar gado guda, kuma sai ɗa ya gaje shi daga uwa da uba kafin ya bayyana. A zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, gajeren gashin rahama ne. Gumin kyanwa kaɗan ne, galibi ta tafin ƙafa, don haka takan lashe jikinta, miyau ya bushe ya tafi da zafi. Ƙodarta kuma tana tsimin ruwa ƙwarai.

Halinta ne ya fi jawo mata baƙin jini. Akan ce ba ta da amana, domin ba ta bin mai gida kamar kare. Wannan hukunci bai yi mata adalci ba. Kakarta ita kaɗai take farauta, ba ta san garke ko shugaba ba. Sabo da mutane kuwa yana shiga ne tun tana 'yar mako biyu zuwa bakwai. Wadda yara suka riƙa ɗauka cikin lallashi a lokacin takan tashi da natsuwa, ta zauna a gida kusa da rumbu. Wadda aka yi ta jifa takan koma kango, sai dare ta fito, wani lokaci ta dawo kan 'yan tsakin mai gidan.